Tafkin Wankin Kalwa

Dutsin-Ma, ranar Litinin, makon farko na watan Nuwamba, shekara ta huɗu da samun mulkin kai. Ƙarfe huɗu da minti goma na yamma.

Zuwa ga mahaifiyata, Inna.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta addinin Musulunci, da ladabi irin na ɗa ga mahaifiyarsa, ina roƙon Allah ya kai haske makwancinki.

Ina rubuta wannan takarda a kan teburin awo na ɗakin shan magani, bayan na sallami mutum na ƙarshe na rufe ƙofa. Wata biyar ke nan da na gama makarantar kiwon lafiya na kama aiki a nan, shekara shida da wata biyu kuma da rasuwarki. Na san ba ki yi boko ba, na kuma san takarda ba ta isa inda kike. Amma yau na faɗi wannan magana da baki ba ta shiga ba. Malamin ajin yaƙi da jahilci ya ce in na rubuta zai karanta wa ɗalibansa, don da yawansu matansu sana'arki suke yi. Ki yafe mini da zan buɗe ciwon da kika ɓoye.

Maganar Yaya Binta ce, 'yarki ta fari, wadda har kika bar duniya ba ki taɓa kiran sunanta ba saboda kunya. Yau da ƙarfe sha ɗaya saura kwata na duba bayan gidanta a madubin da muke ganin ƙwayoyin cuta. Madubin ba ya aiki sai da hasken rana, shi ya sa na ajiye shi bakin taga. A gilashin farko na ƙirga ƙwan tsutsa bakwai. Na ce ko idona ne, na wanke hannu na haɗa wani, na ƙirga biyar. Kowane ƙwai yana da ɗan tsini a gefe guda. Wannan ita ce tsargiya, amma ba wadda muka sani ta jini a fitsari ba. 'Yar'uwarta ce, mai zama a jijiyoyin hanji da hanta.

Kin tuna tafkin da ke bayan unguwarmu, ta wajen Tamawa. Kalwa ta kwana a wuta, ki surfa ta da toka, ki ɗora kwando a kai ki gangara. Kina shiga har gwiwa, wani lokaci har cinya, kina nutsa kwandon kina ɗagawa, ɓawon yana tasowa yana bin ruwa. Daga hantsi har rana ta take tsaka kina tsaye a ciki. Daddawarki ta yi suna, har daga Kuki mata suke aikowa a ajiye musu.

Ba ko'ina kike shiga ba. Kina zagawa gefen gabas, wajen ciyawa, inda ƙananan katantanwa suke manne a jikin ganye. Kikan ce, "Inda katantanwa ta zauna nan ruwa yake da rai, ruwan da ya mutu ba ta zama cikinshi." Haka kakarmu ta koya miki, haka kika koya wa Yaya Binta.

Inna, a cikin katantanwar nan tsutsar take girma. Da rana ta yi zafi sai 'ya'yanta su fito su cika ruwan da ke kewaye, ido ba ya ganinsu. Ba sa jiran a sha su. Ta fatar ƙafa suke shiga. Ƙaiƙayin nan da kike yi in kin fito, kina cewa tokar surfe ce, kina shafa man kaɗanya, a littafinmu an rubuta shi a matsayin alamar farko.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, ban san macen da ta kai ki tsoron ruwa ba. Shekarar da kurkunu ya kwantar da mazan unguwarmu ana tsakiyar noma, duba-gari ya zo ya ce a riƙa tace ruwan sha da ƙyalle. Wasu suka yi kwana biyu suka bari. Ke kuwa sabon kallabinki kika yaga biyu, kika ɗaure ɗaya a bakin randa, ɗayan yana shanya. Wanda duk ya kai hannu zai sha a tafki sai ya ji saukar duka a hannunsa. "Ku tsare bakinku," in ji ki, "ta nan tsutsa ke shiga." Kuma gaskiya ne, tun daga shekarar babu wanda ya sake yin kurkunu a gidanmu. Duk abin da aka gaya miki kin yi. Maganar ƙafa ce ba wanda ya gaya miki, kuma ina zaton shi kansa duba-garin bai sani ba.

Ban san ranar da ciwon ya fara ba. Na san hutun da na dawo daga makarantar midil na tarar kina zama ki huta sau biyu tsakanin tafki da gida. Hutun da ya biyo baya kin koma ɗaura zani sama da cibiya, don wani abu mai tauri ya tokare ki a hagu, ƙarƙashin haƙarƙari. Aka ce saifa ce. Wanzami ya zo ya yi miki tsaga tara a wurin, ya kafa ƙaho. Na ƙirga su ne ranar da kika ce in zuba miki ruwan magani.

Da cikin ya fito sosai, wata tsohuwa ta tare ki a hanya tana yi miki barka, wai ashe da sauranki. Kika yi dariya kika ce, "To Allah ya raba lafiya." Da muka shiga gida kika zauna a bakin murhu har aka yi azahar.

A shekara biyun ƙarshe wasu abubuwa suka ƙaru. Gaɓoɓin yatsunki suka kumbura, har ba ki iya dunƙula daddawa. Fuskarki tana tashi da safe ta sauka da yamma. Yaya Binta ta ce fitsarinki yana kumfa kamar an kaɗa sabulu. Wasu suka ce sanyi ne, wasu suka ce jifa aka yi miki saboda kasuwarki. Baba ya kai ki wajen malamai uku, kika sha rubutu har kika gaji.

Ranar da kika tafi ba na nan. Alhamis ce da safe, in ji Yaya Binta, kin sunkuya za ki buɗe daddawar da aka rufe da ganye, sai aman jini. Ta tara ƙwarya ta cika, ta zubar ta sake tarawa. Kafin Baba ya dawo daga neman jakin da za a ɗauke ki, an gama. Ni sai Asabar saƙo ya same ni.

A shekarata ta biyu a makarantar kiwon lafiya likitan da ke koya mana ya zana hanta a allo. Ya ce ita tsutsar ba ta cika yin ɓarna da kanta ba, tana iya shekaru a kwance cikin jijiya tana zuba ƙwai. Ƙwan da jini ya kwasa ya kai hanta su ne masifa. Jiki yana ganinsu baƙi, sai ya taru a kansu ya kewaye kowane ɗaya da tabo. Tabo kan tabo, har hanyar jini ta ƙuntata, saifa ta kumbura, ruwa ya taru a ciki, jijiyoyin maƙoshi su cika su fashe. Yana magana ina ganin ƙwaryar nan. Na fita waje, na dawo na ci gaba da rubutu.

Bayan darasi na bi shi na tambaye shi maganar gaɓoɓi da kumfar fitsari. Ya ce akwai likitocin da suke zaton jikin da ya daɗe yana faɗa da tsutsa yakan rikice, ya daina bambance nasa da baƙo, ya juya kan ƙodarsa ko gaɓoɓinsa. Ya ce zato ne, bai san wanda ya tabbatar ba. Ya ƙara da cewa zazzaɓin sauro da ya daɗe shi ma yana kumbura saifa. Da ya ga fuskata sai ya ce, "Ka rubuta abin da ka gani, kada ka rubuta abin da kake tsoro." Don haka dole in faɗa a nan: babu wanda ya taɓa duba bayan gidanki ko jininki. Ba ni da hujja a kan abin da ya kashe ki. Alamomi kawai nake da su.

Ranar Juma'ar da ta wuce na je gida. Na tarar da Yaya Binta a gefen gabas, ruwa har gwiwa, zaninta a ɗaure sama da cibiya. Na nemi izinin mijinta, Malam Ilu, na taɓa cikinta. Saifarta ta sauko yatsa uku ƙasa da haƙarƙari. Da na gaya mata abin da nake so ta kawo mini, ta riƙe baki ta ce, "Shekara uku a makaranta, abin da aka koya maka ke nan, leƙen kashin manya? Inna ta huta da ba ta ga wannan rana ba." Duk da haka yau da safe ta zo, Malam Ilu ya goyo ta a keke, ta miƙo mini kwalin ashana a naɗe cikin ganye tana kallon bango.

Na sa ta leƙa madubin da idonta. Ta daɗe, sannan ta ɗago ta ce, "Wannan ɗan abin kamar ƙwayar riɗi shi ne kake wa wannan rawar jiki?"

Na gaya mata akwai magani, amma ba a nan ba, sai babban asibiti a Katsina. Allurai ne a jijiya, ana yin su makonni. Suna sa tari da amai da ciwon gaɓoɓi, kuma suna taɓa zuciya. Wanda hantarsa ta riga ta yi rauni ya fi shiga haɗari. Ban ɓoye mata ba cewa a inda na yi koyon aiki na ga wani magidanci da ya shigo da ƙafarsa, bayan allura ta biyar ya ce zai sha ruwa, ya faɗi bai tashi ba. Na kuma gaya mata ko tsutsar ta mutu, tabon da ya riga ya zauna a hanta ba lalle ya goge ba. Malam Ilu ya kalle ni kamar in yi shiru. Ban iya ba. Tun ɗazu nake tambayar kaina ko da na rage abin da na gaya mata.

Na ce ko ba ta yarda da allura ba, ta daina shiga tafki. Ta yi wanki da ruwan rijiya, ko a ɗebo na tafkin da guga daga bakin gaɓa a zuba a randa ya kwana biyu cur, don 'ya'yan tsutsar ba sa wuce haka in ba su sami jikin mutum ba. Ta ce, "Tukunya uku gare ni bisa wuta. Kai za ka zo ka ja mini guga arba'in?" Na ce zan zo duk Lahadi. Ta yi dariya. Sai kuma ta daina, ta gyara mayafinta ta ce, "Isiyaku, ku ne kuka ce a tace ruwa. Ita Inna da ta tace duk tsawon ranta, ya hana ta tahiya?"

Na buɗe baki in yi bayanin bambancin kurkunu da tsargiya, na ga ba shi take tambaya ba. Na ce mata motar Katsina tana tashi Alhamis da ƙarfe bakwai, na nemi izinin kwana ɗaya, zan jira ta a tasha da takardar likita. Ta ce, "Allah ya kai mu." Suka hau keke suka tafi ƙarfe ɗaya da rabi.

Inna, ke ce kawai take jin maganarki. Kallo ɗaya kike yi mata ta ajiye abin da ke hannunta, ba tare da kin kira sunanta ba. Ni har yanzu ƙanenta ne da ta goya. Na yi kewarki yau fiye da ranar da saƙo ya same ni.

An koya mana mu rufe kowane rahoto da abin da ba mu sani ba. Ga nawa.

Ban sani ba ko tsutsar nan ce ta kashe ki, ko zazzaɓin sauro, ko su biyun, ko wani abu da ba a koya mana ba.

Ban sani ba ko kumburin yatsunki da kumfar fitsarinki daga gare ta suke, ko wani ciwo ne dabam ya same ki a lokaci guda.

Ban san dalilin da ya sa mata da yawa suke shiga tafki ɗaya, wasu su tsufa lafiya, wasu cikinsu ya kumbura ba.

Ban san shekara nawa ƙwan nan suka yi suna taruwa a hantar Yaya Binta ba, ko iya ɓarnar da suka yi. Yatsa uku na auna, iyakar abin da hannuna ya sani ke nan.

Ban sani ba ko zuciyarta za ta ɗauki allurar.

Ban sani ba ko za ta zo ranar Alhamis. Kuma in faɗa miki gaskiya, da na ɗaga hannu bayan la'asar ban san wanne zan roƙa ba, ta zo ko kada ta zo.

Ya Allah, kai ne masanin abin da ke cikin jijiya da abin da ke cikin ruwa. Ka gafarta wa mahaifiyata, ka sa ciwon da ta sha ya zama kankarar zunubi, ka yalwata kabarinta. Ka zaɓa wa Binta abin da ya fi alheri, kada ka bar zaɓin a hannuna. Amin.

Ni ne ɗanki mai yi miki addu'a kullum,
Isiyaku