Jan da Ba Nawa Ba

Litinin, 3 ga Maris

Yau na fara tashi sosai bayan zazzaɓin nan. Na leƙa ɗakin aiki, na tarar Auta ta haɗa sabulu ita kaɗai sanda nake kwance, har ta yanka ta kai wa masu saye. Guntayen da suka rage a kan katako jawur, ja mai ɗaukar ido. Nawa bai taɓa yin haka ba. Jar ƙasar da nake tankaɗewa in dama da mai, in ta haɗu da soda sai ta kwanta, ta koma kamar bulo. Na tambaye ta, ta ce ƙara yawan ƙasar kawai ta yi. Har na yaba mata. Ƙanwata ta fi ni hannu, na ce.

Alhamis, 6 ga Maris

Na ninka ƙasar yadda ta faɗa. Bulo dai, sai ƙarin duhu.

Asabar, 15 ga Maris



Malamar jinyar nan ta zo, wadda ta fara sayen sabuluna tun ina zuba shi a gwangwanin madara. Ta zo da ɗanta da tawul. Tawul ɗin ya rine. Ta ɗaga rigar yaron: wuya, hammata, bayan gwiwa, duk ƙuraje, yana ta susa yana kuka. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta zage ni. Cewa ta yi, "Ke na yarda da ke, shi ya sa ban gwada a jikina ba tukuna."

Na juya na kalli Auta. A gaban Mama, a gaban matar, ta buɗe baki ta ce, "Ni yanka kawai nake yi, Yaya ce mai haɗa launi."

Ko ƙifta ido ba ta yi ba.

Ni kuwa na ba da haƙuri. Ni!

Lahadi, 16 ga Maris

Na samo shi a bayan jarkar man kwakwa, a ƙulle cikin leda. Rinin tufafi. Na murza kaɗan a yatsa, har yanzu bai fita ba.

Yarinyar da na goya. Ni na koya mata a zuba soda cikin ruwa, ba ruwa cikin soda ba. Ranar da ruwan sodar ya fallatsar mata, ni na riƙe hannunta a ƙarƙashin famfo ina kuka fiye da ita.

Talata, 18 ga Maris

Na kai wa Mama ledar. Ta duba, ta sunkuyar da kai, sai na gane ta sani tun ranar. "Ke ce babba, ki rufa mata asiri. Tsoro ne ya kama ta." Na ce, Mama, ni fa asirina wa zai rufa? Ta ce in rage murya, Auta tana ɗaki.

To. Kada a tayar wa Auta da hankali.

Laraba, 19 ga Maris

Na bi gida gida ina karɓo ragowar jan sabulun. Wata mai kanti ta miƙo min nata ta saman teburin kantin, ko kujera ba ta nuna min ba. Ta ce har farin sabulun ma in dakata da kawowa. Wata ta tambaye ni cikin raha ko har yanzu ina rina yara. Na yi dariya. Da na sha kwana na tsaya jikin bango.

Ban ambaci sunan kowa ba. Ban san ko kirki ne ko wauta ba.

Juma'a, 28 ga Maris

Yaron ya warke, alhamdulillahi. Uwar ta amsa gaisuwata, iyakarta ke nan.

Auta tana ajiye min shayi a bakin ƙofa kowace safiya. Shayi ba magana ba ne. Kalma ɗaya nake jira, a gaban Mama, ba ta zo ba.

Litinin, 7 ga Afrilu

Na koma aiki. Ƙasata ta da, jana mai duhu. Na wanke fuskata da gutsuren farko, kumfar fara tas.

Auta ta shigo ta tsaya a bayana. "Yaya, in yanka?" Na miƙa mata wuƙa. Mun yi aiki har la'asar, ta ba ni labarin wata maƙwabciya, na ma yi dariya. Komai ya wuce, ai jini ɗaya muke.

Da za mu fita ta ga kwaɗon da na sa wa kabad ɗin launi. Ta tsaya tana kallonsa. Na ce saboda ɓeraye ne. Ta ce, "Haka ne, sun yi yawa."

Makullin yana wuyana. Don kada ya ɓata ne kawai.