Makon da Baba Ya Ƙi Fita

Ranar Litinin

Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya jikin ƙaramar, tarin ya sake ta? Mu nan sai godiyar Allah.

Na zaɓi in rubuto ne don in muka yi waya da faɗa muke ƙarewa, ga Baba yana kasa kunne. Kin san tun da ya faɗi a banɗaki aka yi masa aikin ƙugu, bai taka ƙofar gida ba. Duk tsawon sanyin nan babu ranar da bai yi mini mita ba, wai mun kulle shi kamar kaza a akurki. Likitan ƙashi ya ce da zarar sanyi ya sassauta a fara fitar da shi titi, don zagayen falo ba zai ishe shi ba. Ya ce in aka ƙara jinkiri ƙafar za ta sandare, Baba ya ƙare a kujera.

To, rediyo ta ce makon nan babu ruwa, kuma gari zai riƙa ɗumi a hankali har ƙarshen mako. Na roƙi mai kantin maganin da nake wa aiki hutun mako guda, ya ba ni yana ɓata rai. Yau da hantsi na goge wa Baba takalmi, na ɗauko sandar nan ta ƙarfe mai ƙafa huɗu, na buɗe ƙofa. Sai ya miƙa hannu ta taga kamar mai gwada ruwan wanka, ya ce da saura. Gaskiya akwai ɗan sanyi, iskar kuma busasshiya ce, har leɓena ya tsage. Na ƙyale shi.

Abin da nake roƙonki, ki daina ce masa ya kula da sanyi. Da maganarki yake kafa mini hujja.

Ki gaishe mini da kowa.

Ƙanwarki,
Auta


Ranar Alhamis

Yaya,

Ina gaishe ki, ina fata kun tashi lafiya. Na ji daɗi da kika ce ƙaramar ta koma makaranta. Baba lafiyarsa ƙalau, ni ce dai kaina ke ciwo.

Har yau bai fita ba. Talata ya ce iska ta yi yawa, alhali ko labule bai motsa ba. Laraba ya ce hularsa ta ulu ta ɓace, na same ta a ƙarƙashin matashinsa. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana tuƙa bas cikin ruwa da rana, yanzu ya zama malamin hasashen yanayi. Rediyo na manne a kunnensa, in an faɗi sanyin asuba ya riƙe shi, in an zo kan ɗumin rana sai ya rage murya. Itacen ƙofar gida ya fara toho, yaran maƙwabta sun tuɓe rigunan sanyi, wankin da na shanya da safe kafin azahar ya bushe. Shi kaɗai ke lulluɓe da bargo, gumi na tsattsafo masa a goshi.

Jiya Mai Aski ya zo duba shi, abokinsa tun kafin a haife mu. Baba ya ce in ce yana barci. Na tsaya a ƙofa ina yi wa dattijo ƙarya, shi kuma yana jin tarin Baba daga ciki. Gemun nan ya cika wa Baba fuska, ba za ki gane shi ba.

Yau na matsa masa har ya yarda. Na riƙe masa hannu muka kai bakin ƙofa, rana ta yi kyau, ya ɗaga kai yana shaƙar iska. Sai ga maƙwabcinmu mai gyaran famfo zai wuce, ya gaishe shi da fara'a, ya ce ashe yau Auta ce direba. Wasa ne kawai. Baba ya juya ya koma ciki, ya ce sanyi ya shige masa ƙashi.

Yaya, ban iya riƙe bakina ba. Na ce in kujera yake so ya ƙare a kai, ya faɗa mini in daina wahalar da kaina. Ko abincin rana bai ci ba. Ke kina nesa, naki kiran waya ne da addu'a, ni ce nake kallon ƙafar nan tana ƙanƙancewa. Hutuna saura kaɗan, kuma mai kanti ba zai ƙara mini ko yini ba.

Ki sa mu a addu'a.

Taki,
Auta


Ranar Talata

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri gare ki da iyali. Ki zauna kafin ki karanta, amma kada ki tsorata, lafiya ce.

Asabar da Lahadi gari ya yi ɗumi sosai, babu gajimare ko ɗaya. Ban ƙara yi masa maganar fita ba, shi ma bai yi ba. Jiya na koma aiki zuciyata a jagule, har na miƙa wa wata mata maganin da ba nata ba, Allah ya sa na lura kafin ta fita. Da la'asar na dawo na tarar da ɗakinsa babu kowa. Bargo a naɗe, sanda ba ta nan. Na duba banɗaki da farko, kin san dalili. Sannan na fita titi da gudu, jakata ma a hannu.

A shagon Mai Aski na same shi, can ƙarshen layi, zaune a benci, an yi masa aski tas, yana gardama da wani a kan birkin mota. Mai Aski ya ja ni gefe ya ce tun azahar Baba ya iso, shi kaɗai, yana hutawa a jikin kowace katanga.

Da za mu dawo na kai hannu zan riƙe shi, ya ce in yi gaba in buɗe ƙofa. Na yi gaba ina jin ƙarar sandar a bayana, ban yarda na waiwaya ba. Sai da muka shiga ya zauna, numfashinsa ya daidaita, ya ce, “A kan titin nan na koya miki tafiya. Ban so titin ya ga kin rama ba.”

Na rasa ko in yi kuka ko in yi masa faɗa. Hutuna ya tafi a banza, na yi ƙarya, na faɗa wa mahaifina maganar da har yanzu take ci mini rai, duk a kan abin da zai iya gaya mini tun ranar farko. Haushin bai sake ni ba, kada ki ce in yi haƙuri.

Ƙafar ta ɗan kumbura. Na dafa ruwa na gasa masa, ya miƙo ta ba musu, tunda a cikin ɗaki ne. Yau ma zai fita. Tun asuba yake tambayata ko ban makara aiki ba.

Ƙanwarki,
Auta