Muryar da Kinka Amsa a Bayan Zana

Zuwa ga Turai, sanyin Gulbin Rima da hantsi, kurciyar Rimawa mai jan ƙafa, inuwar tsamiyar da nike gudu gare ta in rana ta take! Gaisuwa daga Halliru na Wurno, wanda kike kira Shaƙiyyi. Da ajami na rubuto, don ki karanta da kanki, kada wani shi ji kunyata.

Kin tuna ranar da munka zo garinku daga gidan rediyon Sakkwato da injin ɗaukar magana? Motar En'e ta kafe cikin rairayi bayan Rabah, ni anka aza wa batir bisa kai. 'Yan mata na daka, suna ganin Baturen da munka zo tare kowa ta watse, ke kaɗai kinka tsaya kinka yi waƙa a bakin ƙarfen magana. Ni ko na laɓe bayan rumbu na yi kukan jaki, ɗauka ta ɓaci, Bature ya murɗe min kunne, kinka yi dariya har taɓarya ta kuɓuce miki. Wayyo dariyar nan! Ruwan farko bisa busasshiyar fadama bai kai ta daɗi ba.

Amma duk zuwan da zan yi, tambayarki guda: Malam Baraka mai shirin gaishe-gaishe, dogo ne? Fari ne? Ranar kasuwar Goronyo kina aje ƙwaryar nono ki tsaya gindin akwatin rediyon ƙofar hakimi don ki ji shi. Ban ga laifinki ba, ni ma ina son shi. Shi ya koya min tsayuwa taƙi guda daga ƙarfen. Shekara guda ina kusa da shi, har na haddace gyaran muryarshi sau biyu, da yadda shike jan "jama'a" awa mai kiran shanu daga ƙetaren gulbi.

To, Turai, zauna ki ji. Wanda ya yi sallama bayan zanarku ran Laraba da la'asar, ya gyara murya sau biyu, ba Malam Baraka ba ne. Ni ne.

Wasa na nufa, wallahi! Na ɗauka za ki kore shi, in yi tsalle in fito, mu yi ta dariya. Shi ya sa na ce, an ce akwai wani Halliru da ke neman ki. Mi kinka ce? Kinka ce Halliru ɗan dakon batir ne, abin dariya, ba a zaman aure da dariya. Kinka ce in Malam ya turo manya, ko gobe. Haba Turai! Da bakin nan da ya rantse min a gindin rijiya cewa ni za ki aura? Ko numfashi ba ki ja ba! Tarkon da na ɗana da hannuna, ƙafata ya kama. Na koma Wurno ban san inda na bi ba, awa gero da ƙanƙara ta kwantar.

Ran Juma'a baffana Sale ya kai goro gidanku, anka maido mishi. Wa kike jira, hasken idona? Malam Baraka bai taɓa jin sunanki ba. Gemunshi fari fat, jikokinshi bakwai, kuma gajere ne, tunda kin matsa ki sani.

Tun ranar ban sake kwaikwayon kowa ba, ko jaki. Abokai na tambaya ko ciwo nike. Na so in ƙi ki, na gwada kwana tara, zuciya ta ƙi.

Laraba mai zuwa da la'asar zan tsaya bayan zanar nan, wuri guda. Ba gyaran murya, ba jan "jama'a". Zan yi sallama da 'yar muryata ta ɗan dakon batir, sau uku. In kin yi shiru, na ji, zan juya. Amma ki sani, duk kalmar da ta narkar da ke ran nan daga ƙirjina ta fito, murya kaɗai na ara.

Naki har gulbi shi koma tudu, wanda kinka ƙi, kuma wanda kinka amsa wa,

Halliru