Dokar Gaisuwa

Laraba, bayan isha'i.

Manajanmu Malam Sabo, sarkin sa ido, ya kafa sabuwar doka a banki: gaisuwa da kwastoma kada ta wuce "sannu da zuwa". Tsaya min yake a ka, yana duba agogo.

Yau Alhaji Ɗanladi na Madabo, babban mai ajiyarmu, ya zo. Na bi doka. Ya ce, "'Yar nan, a gidanku ba a tambayar iyali?" Ya juya ya fita.

Sai ga Malam Sabo a guje har bakin titi, ya durƙusa cikin rana da kwat ɗinsa: yaya gida, yaya jikoki, yaya ƙafar Hajiya?

Na duba agogo, minti goma sha ɗaya. Na rubuta masa, gobe zai gani a teburinsa.