Maganar Da Na Sa A Bakin Baba

Zuwa ga Babana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, yaya ƙafar? Yaya Mama da aiki? Allah ya ƙara sauƙi.

Na san za ka yi mamakin takarda daga 'yar da waya ba ta barin hannunta. Sau uku ina danna lambarka ina kashewa. Ba zan iya jin muryarka ba tukuna.

Yaya ta ce mai shagon aski na kusa da kai ya nuna maka bidiyon, har ya karanta maka abin da mutane suka rubuta a ƙarƙashinsa. Ina so ka ji yadda aka yi daga bakina.

Ka san wata biyar ke nan ina ɗora bidiyon jakunkunan da nake ɗinkawa, ba mai kallo sai ƙawayena. Sai na shiga wani aji a intanet, inda ake koya wa masu sana'a tallata kansu. Malamar ta ce mu sauya tunani, mutane ba kaya suke saya ba, labari suke saya. Ta ce kowa ya nemo wanda ya taɓa tare masa hanya, ya ba da labarin yadda ya tsallake shi.

Na duba, Baba, ban ga wanda ya tare min hanya ba. Sai na ƙirƙira. Na zauna gaban taga saboda haske, na ce mahaifina ya ce min ɗinki aikin marasa rabo ne, ba zan taɓa zama komai ba. Na ce ni kaɗai na samar wa kaina keken ɗinki. Har hawaye na yi. Sau huɗu na maimaita ɗaukar kafin hawayen su fito yadda nake so.

Ina faɗin haka ƙafata tana kan keken da ka haɗa min da hannunka, daga tsofaffin kekuna uku da masu su suka bar maka a shago.

Ka yafe min.

'Yarka,
Auta

Babana,

Assalamu alaikum. Ina fatan kai da Mama kuna lafiya. An ce ƙafar ta yi sauƙi, alhamdulillahi.

Ban ji daga gare ka ba, kuma ban ga laifinka ba.

Akwai abin da na ɓoye a takardar farko. Kwana tara ina ganin zagin da ake yi maka, ban goge ba. Ciniki ya buɗe, an gayyace ni in yi wa matasa jawabi kan ƙarfin zuciya, ni kuwa ina gaya wa kaina ai ba su san ka ba. Sai Yaya ta faɗa min wata tela da ka shekara goma kana gyara wa keke ta zo ta ɗauke nata ba a gama ba, ta ce ba ta san haka kake ba. Yaya ta ce kai ka ɗaura wa telar shi a bayan babur, har ka miƙa mata kusoshin a leda.

Na goge bidiyon. Na yi wani, na faɗi gaskiya, na nuna keken da inda ka yi masa walda. Na farko mutum dubu ɗari uku suka kalla, wannan ko dubu biyu bai kai ba. Malamar ta ce na ɓata sunana da kaina. Waɗanda suka gayyace ni jawabi sun janye gayyatarsu. Telar kuma ban san ko ta gani ba, saboda haka jiya na je shagonta na faɗa mata baki da baki, a gaban masu jiran ɗinki. Ba ta ce min ko zauna ba.

Ka gaida Mama.

'Yarka,
Auta

Babana,

Assalamu alaikum, da fatan an tashi lafiya.

Yau Yaya ta kawo min saƙonka. Na shirya wa faɗa, na shirya wa a ce kada in ƙara taka gidan. Sai ta ce ka ce ba fushi ya sa ka yi shiru ba. Wai tun ranar da ka kalli bidiyon kake ƙoƙarin tuna yaushe ka faɗa min wannan maganar, har ka tambayi Mama ko ka taɓa faɗa cikin gajiya ka manta. Wai ko da ka karanta takarduna, cewa ka yi wataƙila rufa maka asiri nake yi.

Baba, ba ka faɗa ba. Ko mai kama da ita ba ka taɓa faɗa min ba. Don Allah ka daina nema.

Ina nan zuwa ranar Asabar da safe, shago zan fara sauka.

'Yarka mai neman gafara,
Auta