Tattasan da ke cikin wasanka

Zuwa ga ɗana Bukar,

Gaisuwa mai yawa. Ina gajiyar tafiya, ina mutanen Yamai? Mu lafiya lau, sai gwiwar babanka da ta hana shi zuwa kasuwa. Ƙanwarka Zara ta warke daga masassara.

Wasan nan na waya da kuka ƙirƙira, kai da abokanka huɗu, ya iso gidanmu. Na nuna wa Ya Falmata, maƙwabciyarmu da ta gudo daga Damasak. Ta ga bakin kogin Komadugu da gonakin tattasai a cikin wasan. Can sai ta fashe da dariya, ta ce, “Wane manomi ne ke shanya tattasai yana kore? Ki gaya wa ɗanki sai ya yi ja ake tsinka!” Ta hana ni wayar har la'asar.

Ranar da ka bar aikin biro, wato na ofis, saboda wasa, na yi kuka. Yau ni ke yawo da shi gida-gida ina cewa ɗana ne shugabansu.

Amma Zara ta ce za ka kai abokanka Bosso ɗaukar hoton kogi. Bukar, hanyar ba ta kwanta ba, kuma su ma iyayensu mata suna jiran su. Ku zo Diffa. Ya Falmata ta ce za ta zayyana muku kogin lungu-lungu.

Ka amsa mini kafin Juma'a. Ka gaida abokanka, ku sa babanka a addu'a.

Innarka, da hannunta.