Rigar da Mama Afiniki Ta Saƙa wa Saba

Kafanchan, 3 Maris 1997

Ɗiyata Irene,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ya Kaduna? Ni dai raina a ɓace yake. Babbar kwamfutar da kika kafa wa ƙungiyarmu ta manoman citta, wadda kika ce sunanta saba, kullum rana ta take sai ta mutu, ƙananan kwamfutoci huɗu na ofis su bi ta. Mai sayen citta daga Legas zai zo ran ashirin. Ya ce in ba mu nuna masa gonar da kowane buhu ya fito ba, ko ɗaya ba zai ɗauka ba. 'Yan kwamiti har suna cewa na biye wa yarinya.

Kawunki, Zamani

Kaduna, 7 Maris

Kawu, ina gaisuwa. Wayoyin nan da hannuna na ja su, janareta ma na gwada, wata biyu tana aiki lafiya. Me ya canja? Ko kujera aka matsar, ku gaya mini.

Irene

Kafanchan, 10 Maris

'Yata, sannu da aiki. Ni ce Afiniki matar kawunki. Ba wanda ya taɓa injinki, ni nake lura da shi. Na ga ƙurar citta tana shiga ramukan bayansa, sai na saƙa masa riga da ulu mai kauri, irin ta rediyonmu, har ƙasa. Ko iska ba ta shiga. Matan zumunta duk sun yaba.

Allah shi kiyaye ki.

Kaduna, 13 Maris

Mama, na gaishe ki, na kuma yi dariya har da hawaye. Ramukan nan da su take numfashi, zafi ne ke kashe ta! A cire rigar yau. Amma kin fi ni ido, ƙurar ma illa ce, ni kuwa ban lura ba. Ran Asabar zan zo mu mayar da kwamfutar ɗakin baya, mu sa fanka.

'Yarki, Irene

Kafanchan, 21 Maris

Irene, godiya ga Allah!

Mutumin ya zo. Ya nuna buhu, muka danna: gonar Kumai, a Kwoi. Ya nuna wani: Nok. Har ya gaji. Tirela uku ya cika! Masu cewa yarinya yanzu "injiniyarmu" suke cewa, ni ko sai taƙama nake. Mabuɗin ɗakin yana hannun Mamanki, ba mai shiga sai ya kaɗe jikinsa.

Rigar kuwa ta warware ta, tana saƙa miki ta sanyi. Ta ce ke dai za ta bar miki wurin numfashi.

Kawunki, Zamani